Eriyar mota

Eriyar mota sanda ce ta ƙarfe da ake kafawa a kan rufin mota ko a gefenta domin ta kamo tashoshi ta miƙa wa rediyon da ke ciki. Kalmar aro ce daga Turanci. Jikin mota ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana tare siginar rediyo, shi ya sa ake fitar da eriya waje.

Yadda take aiki

Tashoshin FM suna watsa shirye-shiryensu tsakanin megahaz 87.5 da 108. Tsawon zango a nan kusan mita 3 ne, kuma eriyar da ta fi dacewa ita ce mai rubu'in wannan tsawo, wato kimanin santimita 75. Gajerun eriyoyi na kan rufi suna cike giɓin ne da waya da aka nannaɗe a jikinsu, da yawansu kuma suna da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi a gindi, wadda ke jan wuta daga motar. Rufin motar shi ma yana cikin aikin: idan gindin eriya bai taɓa ƙarfen rufi sosai ba, sai rediyo ya yi ta shuu.

Sauya wadda ta karye

Idan sandar kaɗai ta karye, aikin ba shi da wuya. Ana murɗe guntun a fitar, a ɗaura sabuwa. Sai dai bakin murɗin ba iri ɗaya ba ne, akwai mai milimita 5 da mai milimita 6, don haka gara a tafi da tsohuwar wajen mai sayar da kayan gyara.

Idan gindin ne ya fashe, sai an sassauto silin motar daga ciki, a zare wayar, a kwance notin da ke riƙe da shi. Kafin a ɗaura sabo ana kankare tsatsar da ke kewaye da hudar. Robar da ke ƙarƙashin gindin ita aka fi rainawa, alhali rana tana busar da ita har ta tsage, da damina kuma ruwa ya bi ta nan ya jiƙa silin ya ci rufin. Wasu direbobi kan soka wayar ƙarfe a madadin sandar. Tana kamo tashar kusa, amma ba ta kai nesa.

A Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin jihar Katsina, a gefen dajin Rugu. A hanyoyinsu, rassan itatuwa da lodin da motocin haya ke ɗorawa a kan rufi ranar kasuwa suna cikin abubuwan da ke karya eriya. Siginar FM kuwa ba ta tafiya nesa kamar ta matsakaicin zango, saboda haka tashoshin birnin Katsina, irin su Companion FM, suna raguwa da ƙarfi yayin da mota ke nausawa yamma, kuma a nan ne ake gane bambancin eriya mai lafiya da karyayya.

A watan Satumba na 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ba a maido da su ba sai bayan watanni. A tsawon waɗannan watanni babu kira babu intanet a yankin, sai direbobi da fasinjojinsu suka dogara da rediyo da bakin matafiya wajen jin labari.