Cikin Birnin Kano: Inda Baƙo Zai Ci, Ya Sha, Ya Yi Sayayya Tsakanin Kurmi da Ƙofar Mata

Matafiyin da ya taso daga Daudawa ko Faskari, ya bi ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, ta Kabuga yake shiga Kano. Ta wannan ɓangaren ne sojojin Ingila suka shiga birnin a watan Fabrairun 1903. Akasarin baƙi dai wucewa suke yi kai-tsaye zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari, su gama cinikinsu su juya, ba tare da sun taka cikin ganuwa ba. Wannan jagora ce ga mai son ya ba tsohon birnin yini guda: abin da zai ci, abin da zai sha, abin da ya cancanci kuɗinsa, da yadda zai bambance aikin hannun Kano da kayan da aka shigo da su aka jera kusa da shi.

Yadda wurin yake

Abin da Kanawa ke kira "cikin gari" ko "cikin badala" shi ne unguwannin da ganuwa ta kewaye. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwar ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya kuma suka riƙa faɗaɗa ta. Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, shi kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Fadar tana kudu da kasuwar, Dutsen Dala yana arewa maso yamma, Ƙofar Mata tana gabas.

Sunayen unguwannin da ke kewaye da Kurmi suna faɗin waɗanda suka zo ciniki suka zauna: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka sauka tun zamanin da kalmar "Bature" ke nufin Balarabe. Da yawa daga abincin birnin daga gidajen waɗannan baƙi ya fito.

Abin ci

Gurasa ce abincin da aka fi sanin cikin gari da shi. Ana danganta zuwanta ga Larabawa, ana kwaɓa ta da garin alkama ko fulawa, a manna ta a jikin tanderu mai zafi har ta gasu. Jakara da Ceɗiyar 'Yangurasa su ne cibiyarta, mata ne ke gasawa a cikin gidaje, dillalai su kwasa su rarraba cikin gari da ƙauyuka. Wanda ya zo da hantsi zai same ta da ɗuminta. Ana cin ta da miyar taushe ko da tsire, amma bandashe ya fi karɓuwa a bakin titi: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir.

Kilishi kuwa Agadasawa aka sani da shi. Ana yanka tsoka falle-falle, a shanya a rana, a tsoma a cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a kanga a wuta. Akwai ja akwai fari. Na kirki yana karyewa ba tare da taunar igiya ba, ba ya kuma warin tsohon mai. Masu sayarwa kan ba da ɗanɗano kafin a auna, don haka babu kunya a nema.

Da safe ana samun koko da ƙosai da waina a bakin lunguna, da rana ɗanwake da shinkafa da wake da mai da yaji, da yamma masu tsire da balangu su hura wuta. Alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda ake haɗa garar amarya da su, aikin gidaje ne, sai an yi tambaya a unguwa ko an ba da sautu. Mai neman ɗanyen kayan miya da hatsi ya nufi Kasuwar Rimi, daura da Asibitin Murtala.

Abin sha

Ba a sayar da giya a cikin birni. Haka al'adar take tun kafin jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. Abin shan wurin shi ne fura da nono, kunun aya, kunun zaƙi, zoɓo da lemon tsamiya, sai teburan masu shayi da asuba da bayan magariba. Matsalar da ya kamata baƙo ya kula da ita ta ruwa ce. Unguwanni da yawa sun dogara ga 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse, rafin Jakara kuma ya daɗe da zama magudanar ƙazantar gari. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa, ya fi kyau a tambayi ruwan da aka dama fura da shi da ƙanƙarar da aka jefa a zoɓo. Kunun aya ba ya jure zafi, wanda ya kwana ko ya fara tsami a bar shi.

Kasuwar Kurmi

Hugh Clapperton ya ga Kurmi a 1824, Heinrich Barth ya gan ta a 1851, kuma dukansu sun rubuta girman cinikinta. Barth ya bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A wannan kasuwar kuma aka sayar da bayi har zuwa farkon ƙarni na 20, gaskiyar da bai kamata masu ba da tarihinta su tsallake ba. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, babban ciniki ya koma wajen ganuwa, Kurmi ta rage da abin da sauran kasuwanni ba su iya kwaikwaya ba.

Kasuwar layi-layi ce, kowace sana'a da rumfunanta. Akwai masu kayan doki: sirdi, linzami, likkafa da jalala. Akwai dukawa masu jaka da takalmi da titimi da kube. Akwai masu ƙwarya da faifai da tabarma, masu tasoshi da adon tagulla, masu kanwa da gishiri da jaura, masu huluna da rawuna da alkyabba, da masu littattafan addini da na ajami, tare da allo da tawada. Lungunan ƙunci ne, baƙo kan ɓata, shi ya sa matasa 'yan rakiya ke tare shi a bakin kasuwa. A daidaita ladansu tun farko, a kuma sani cewa wasu suna da la'ada a rumfunan da suke kai mutum.

Ciniki a nan na taya da sallamawa ne. Mai kaya ya ce a taya, mai saye ya faɗi kuɗi, in bai kai ba a ce "albarka". In an sallama, ja da baya abin kunya ne, don haka kada mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye.

Wajen fata, jimar gargajiya da bagaruwa ake yi, tana da ƙamshinta, bayanta kuma yana da gashi-gashi, saɓanin roba da aka manna wa yadi. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, don ta tashoshin can take isa gare su. Har yau majema suna aiki a unguwar Majema, kusa da Ƙofar Wambai.

Karofin Ƙofar Mata

An ce tun 1498 ake rini a wannan karofi. Ana haɗa baba da toka da katsi a cikin rami mai zurfi, a bar su su ruɓa kwanaki, sannan a riƙa tsoma yadi ana ɗagawa don iska ta mayar da shi shuɗi. Mata ne ke ƙulla zanen a gida kafin a kawo, masu bugu kuma su daka shi da guduma ta itace har ya yi sheƙi. Yawancin ramukan yanzu a bushe suke ko a cike da shara. Atamfa da shadda masu araha daga Sin, da rinin sinadari mai saurin kamawa, sun janye masu saye. Rinin baba na gaske yana da warin karofi, yakan kuma bar shuni a hannu kafin a wanke shi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a saya a bakin ramin, daga hannun marinin.

Abin da ke barazana ga wurin

Tun 2007 ganuwar Kano da Dala da Kurmi da fadar sarki suke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO, amma a wurare da dama an yanka ganuwar filaye, an gina shaguna da gidaje a kanta. A watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata lokacin gwamnatin da ta gabace ta, 'yan kasuwa suka tafi kotu. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, a daidai lokacin da rikicin sarautar da ya ɓarke a Mayun shekarar ya sa 'yan sanda suka hana hawan fiye da sau ɗaya. Duk Sallar da ba a hau ba, masu sirdi da alkyabba na Kurmi sun rasa babbar kakarsu.

Barazanar tana kuma zuwa daga ƙauye. Auduga da fata da nama da nono ba a cikin ganuwa ake samar da su ba. Ƙasar Funtuwa da Faskari da Daudawa ta auduga ce tun zamanin mulkin mallaka, kasuwannin dabbobi irin na Sheme kuma suna cikin masu ciyar da mahautan birane. Lokacin da gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi a 2021 saboda 'yan bindiga, wannan hanyar ce ta toshe. Baƙon da ya fito daga can yana iya tarar da amfanin gonar garinsu a rumfar Kurmi, an sarrafa shi an sa masa kuɗi.

Kafin a tashi

Lokaci mafi daɗi shi ne daga hantsi zuwa azahar, musamman da hunturu. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallaci da fada kan cushe da rana. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, don haka adaidaita sahu ce abin hawa, cikin Kurmi kuwa sai da ƙafa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a adana waya saboda masu ƙwace, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko rumfarsa. Mai sauran lokaci ya shiga gidan tarihi na Gidan Makama da ke daura da fada, ko ya hau Dala da la'asar ya ga iyakar abin da ya rage na ganuwar. A kowace rumfa kuma ya yi tambaya ɗaya kafin ya taya: wa ya yi wannan, a wace unguwa?