Daga Ina Sharri Ya Fito? Muhawarar Nostikawa da Ikilisiya

Duk addinin da ya ce Mahalicci ɗaya ne, mai iko a kan komai kuma mai alheri, ba zai kauce wa tambaya guda ba: to sharri daga ina ya ɓullo? A ƙarni na 2 Miladiyya Kiristocin Iskandariya da na Rum sun rabu a kan amsar. Wasu, waɗanda masana ke kira Nostikawa, wato ma'abota sanin ɓoye, sun ɗora laifin a kan wanda ya ƙera duniya. Sauran, waɗanda suka zama Ikilisiya mai bishof da majalisa, suka ɗora shi a kan ɗan Adam. Matsayina shi ne Ikilisiya ta rinjaye su a hujja, amma abin da ta yi da wannan rinjaye ya cancanci tuhuma.

An daɗe ba a jin Nostikawa sai ta bakin abokan gabarsu, musamman Irenayus, bishof na Liyon, wanda ya yi musu raddi mai juzu'i 5 wajajen shekarar 180. Sai a 1945 wani manomi da ke haƙar ƙasar taki a gindin dutsen Jabal al-Tarif, kusa da Nag Hammadi a kudancin Masar, ya tono wani tulu rufaffe. A ciki akwai kundaye 13, galibinsu masu bangon fata, ɗauke da rubuce-rubuce 52 cikin Kibɗanci, waɗanda aka kwafa a ƙarni na 4. Suna ajiye yanzu a gidan tarihin Kibɗawa da ke Alƙahira.

Ɗaya daga cikinsu, Littafin Asirin Yahaya, ya kawo labarin filla-filla. Akwai Ubangiji na can ƙoli wanda baki ba ya iya siffantawa. Daga cikin halittun hasken da suka gangaro daga gare shi akwai Sofiya, wato Hikima, wadda ta yi gaban kanta ta samar da wani abu ba da yardar abokin zamanta ba. Abin da ta haifa, Yaldabawot, mai jikin maciji da fuskar zaki, shi ya ƙera wannan duniya, ya kuma yi iƙirarin babu wani abin bauta sai shi, don bai san akwai na sama da shi ba. Ɗigon haske ya maƙale cikin jikin mutum. A wannan fahimta sharri shi ne jahilci da mantuwa, alheri kuwa farkawa ne. Shi ya sa suka juya ƙissar Adamu da Hauwa'u ta Littafin Farawa. Marubucin wani daga cikin littattafan, Shaidar Gaskiya, ya tsaya yana tambaya: wane irin mahalicci ne zai yi wa ɗan Adam rowar sanin nagarta da mugunta, sannan ya shiga lambu yana tambayar inda yake, kamar bai sani ba? A wani littafin ma maciji ne malamin da ya buɗe musu ido.

Kada mai karatu ya yi saurin tofin Allah tsine. Mutanen nan sun rayu a daular da ake sayar da bayi a kasuwa, inda annobar da ta ɓarke a 165 ta yi shekaru tana kwasar rayuka. Uwar da ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, in aka ce mata duniya kyakkyawa ce, da wuya maganar ta shige ta. Nostikawa sun ce mata ba ƙarya idonta ya yi ba: gidan ne aka gina a karkace. Ƙarfin koyarwarsu ke nan, kuma ina girmama gaskiyar da ke cikin kukan.

Sai dai amsar tana da tsada. Idan jiki kurkuku ne, ciyar da mayunwaci gyaran kurkuku ne kawai. Tun wajajen 110 Ignatiyus na Antakiya ya zargi masu musun cewa Almasihu ya zo da jiki na haƙiƙa da rashin kula da gwauruwa da maraya da ɗan kurkuku. Irenayus kuma ya ce almajiran Balantinus, ɗaya daga cikin malaman Nostikawa, sun kasa mutane gida uku: na ruhu, na rai, da na turɓaya waɗanda ba su da rabo. Gaskiya ne magabci ba ya yabo, kuma tun 1996 masani Michael Williams ya yi kashedin kada a zuba ƙungiyoyin nan a kwando ɗaya. Littattafan Nag Hammadi ma sun fi nuna gudun duniya, ba fasiƙancin da aka jingina musu ba. Duk da haka tambayar tana nan: in sharri rashin sani ne, wa za a kama da laifi?

A nan ne Agustin, malamin Ikilisiya haifaffen Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zama babban shaida. Ya yi shekara 9 yana bin Manikawa, mabiyan Mani, masu cewa haske da duhu asali biyu ne da ke yaƙi tun fil'azal (su ne malaman tauhidi na zamanin Abbasiyawa suka yi ta yi wa raddi daga baya). Da ya bar su sai ya ce sharri ba halitta ba ne mai zaman kanta, tawayar alheri ne, kamar hujin da gara ta yi a azara: ba shi da samuwa sai a jikin abin da ya ɓata. Ya kuma ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka girgiza bishiyar wani da dare suka kwashe 'ya'yanta. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu akwai waɗanda suka fi su, a ƙarshe ma aladu suka watsa wa. Ya san haramun ne, sanin ne ma ya ƙara wa satar daɗi. A ganina wannan ƙaramin labari ya rushe ginin Nostikawa fiye da juzu'an Irenayus. Mutum yana sane yake cuta. Azzalumin da ke danne gadon marayu ba ilimi ya rasa ba.

Da a nan magana ta tsaya, da an ce Ikilisiya ta gama. Amma addini mai tsari ba hujja kaɗai yake karewa ba, har da kujera. Irenayus bai tsaya ga hujja ba, sai da ya jero sunayen bishof-bishof na Rum tun daga manzanni, don ya nuna gaskiya tana hannun mai silsila. Sannu a hankali nagarta ta koma biyayya, mugunta ta koma saɓa wa shugaba. A 367 Atanasiyus, bishof na Iskandariya, ya ƙayyade littattafai 27 na Sabon Alkawari ya kuma yi tir da na ɓoye. Wasu masana na ganin abin da ya sa aka binne tulun ke nan. A 385 aka kashe Firisiliyan, bishof na Abila da ake zargi da bidi'a, a birnin Tiriya. Agustin kansa ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa Donatawa, Kiristocin da suka ɓalle, komawa Ikilisiya. A 1209 rundunar da Paparoma Innosent na 3 ya kira ta yi wa mutanen Beziye a kudancin Faransa kisan kiyashi saboda Katarawa, masu aƙidar asali biyu irin ta Manikawa, ba ta ware Katolika ba. A 1244 aka ƙone Katarawa sama da 200 a Monsegur.

Waɗanda suka ƙi a raba halitta gida biyu, haske da duhu, su ne suka raba mutane haka, suka sa kansu a ɓangaren haske. Koyarwarsu ta ce son zuciya yana cikin kowane ɗan Adam, ba ta cire bishof ko Paparoma ba. Da ma'aunin Agustin kansa, wanda ya kunna wutar Monsegur ya fi wanda aka ƙone kusa da sharri.