Frida Kahlo, matar da ke bangon kaye

Mai sayen kayan lakwal a kasuwar Gaya yana iya cin karo da kaye mai hoton wata mace a bango: gira a haɗe, furanni a ka, fuska ba murmushi. Ba ƴar fim ba ce. Sunanta Frida Kahlo, mai zane ƴar ƙasar Meksiko, kuma irin wannan hoto galibi daga zanen da ta yi wa kanta ake kwaikwayo shi.

An haife ta ran 6 ga Yuli 1907. A Satumban 1925 motar bas da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari. Wani ƙarfe ya huda ta, ƙashin bayanta ya karye. Ta yi watanni kwance, sai iyayenta suka sa aka kafa mata madubi a saman gado. Abin da take gani kullum shi ta kama zanawa, wato fuskarta. Cikin zanenta kusan 150, guda 55 na kanta ne.

Ita ma tana da nata kaye. Daga 1944 har rasuwarta a Yulin 1954 ta cika shafi 170 da tawada da fenti: wasiƙu zuwa ga mijinta Diego Rivera, shi ma mai zane, da labarin ciwo, har da zanen ƙafafu a 1953, shekarar da likitoci suka yanke mata ta dama. Sai a 1995 aka buga shi. Asalin yana shuɗin gidanta, wanda ya zama gidan tarihi tun 1958.

Tana da rai, sunan mijinta ya rufe nata, ko da yake gwamnatin Faransa ta sayi wani zanenta tun 1939. Yau labari ya juya. A Nuwamban 2021 an sayar da zanenta guda a New York dala miliyan 34,9, kimanin miliyar 20 na CFA.

Wa ke da fuskar? Wani kamfani mai rajista a Panama, Frida Kahlo Corporation, ya ce shi ke da ikon kasuwanci da sunanta, wasu danginta sun ce a'a. A 2018, da aka ƙera ƴar tsana ta Barbie da kamanninta, wata kotun Meksiko ta dakatar da sayar da ita a ƙasar. Abin mamaki, matar da ake wannan rigima a kanta ƴar jam'iyyar kwaminis ce, da tutar jam'iyyar aka lulluɓe akwatin gawarta.