Kalandar Ƙwallon Nijar: Daga Unguwannin Yamai Zuwa Filin Filinge

A 1966 aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a Nijar, kuma a farkonta harka ce ta unguwannin Yamai. Ƙungiyar Secteur 6, wadda daga baya ta zama Olympic FC, ita ta ci kofunan farko a jere. Abokiyar hamayyarta Secteur 7 ita ce Sahel SC ta yau. Sai a 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauko kofin, a 1984 kuma Espoir ta kai shi Damagaram. Babban filin wasa na Yamai yana ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a yankin Filinge, amma har yau kofin bai taɓa zuwa ƙasar Kurfai ba.

Lokacin buga gasar bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A 2002 ba a yi ta ba sam saboda rashin kuɗi. Kakar 2019 zuwa 2020 ta tsaya a hanya da annobar korona ta shigo a watan Maris, hukumar FENIFOOT ta soke ta ba tare da zakara ba. A wannan watan ne kuma aka rufe makarantu, yara ba su koma aji ba sai a Yuni.

Wani sauyin daga waje ya zo. A Yulin 2017, bayan taron Rabat a Maroko, hukumar ƙwallon Afirka CAF ta mayar da gasannin ƙungiyoyi daga Agusta zuwa Mayu, irin tsarin Turai, ta kuma ɗauke Kofin Afirka daga Janairu zuwa Yuni da Yuli. Dole kowace ƙasa ta fitar da zakaranta da wuri don ya samu shiga. An buga kofin 2019 a Masar a kan sabon lokacin. Amma na Kwaddibuwa, da aka shirya yi a tsakiyar 2023, sai da aka ɗaga shi zuwa Janairun 2024 saboda ruwan sama. Damina ta fi ƙarfin takardar CAF.

Iyaye da malamai, nan ne abin ya shafe mu. Yaron Filinge yana rayuwa ne tsakanin kalanda uku. Makaranta tana buɗewa a Oktoba, jarabawa kuma wajen Yuni. Gona tana kiransa daga saukar ruwa har a yanke gero. Ƙwallo kuwa tana neman yammacinsa kullum. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Dallol Boso yakan wuce digiri 40, ga karatun jarabawa ya matso. Lokacin babban hutu kuma, da aka saba shirya gasar unguwanni, shi ne lokacin noma. Yaron da aka tilasta wa zaɓi yakan saki ɗaya, sau da yawa kuma littafi ne yake faɗuwa.

Ba mu da ikon gyara kalandar Yamai, amma ta makarantunmu tana hannunmu. A sa gasar 'yan makaranta tsakanin Nuwamba da Fabrairu: amfani ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, jarabawa tana nesa. A gama wasan ƙarshe kafin zafi ya kama. Idan shugabannin ƙwallon Afirka sun ja da baya saboda damina, ba abin kunya ba ne malamin Kurfai ya duba sama da gona kafin ya rubuta ranar wasa.