Wa Ya Ƙirƙiro Gilashin Ƙirga Ƙwayoyin Jini?

Makon jiya ina gabatar da aikina na mastas, wata farfesa ta katse ni da tambaya: "Wannan gilashin da ka yi ƙirga da shi, wa ya ƙirƙiro shi?" Na ce Neubauer, tunda sunan da ke rubuce a jikinsa ke nan. Ta yi murmushi ta ce in koma in karanta. Wallahi na sha kunya, don wata uku ina duƙe a kansa har idona ya fara ruwa.

Ga wanda bai san shi ba, gilashi ne mai kauri da aka zana wa layuka kamar gidan dara, zurfin wurin ɗiga jinin kashi ɗaya cikin 10 na milimita. Ka sirka jini, ka ɗiga, ka leƙa ta madubin likita, ka ƙirga, ka ninka. Shi ke nan.

Da na bincika sai na tarar ashe rigima ce tsohuwa. A 1852 Karl Vierordt na Tübingen a Jamus ya fara ƙirga jajayen ƙwayoyin jini, ya samu kusan miliyan 5 a kowace milimita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, wanda bai yi nisa da abin da muke samu yau ba. Amma hanyarsa tana cin awanni, ba mai iya bin ta a asibiti. A 1874 Louis-Charles Malassez a Paris ya fito da na'urar da ta sauƙaƙa aikin, kuma shi littattafai da yawa suke ba kambun. A 1875 Georges Hayem ya yi ɗan rami mai sanannen zurfi, sai dai layukansa suna cikin madubin da ake leƙawa. William Gowers na Landan ne a 1877 ya zana layukan a jikin gilashin kansa. Daga baya Richard Thoma da kamfanin Zeiss suka gyara shi ya shiga kasuwa. Neubauer kuwa tsarin layukan ya sake.

To wa za ka ba? Wanda ya fara ƙirgawa, ko wanda ya sauƙaƙa, ko wanda sunansa ya manne a gilashi?

Abin da ya sa na damu: muna rubuta takardar da za mu aika mujalla, kuma ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda ya koya mana sirkawa ya kuma gano kuskuren da ya kusa ɓata sakamakonmu duka, babu sunansa ko a wurin godiya. Na je na yi wa mai duba aikina magana cikin ladabi, gabana na faɗuwa, don a hannunsa digirina yake. Ya ce zai duba.

'Yan uwa masu bincike, kafin ku aika taku, ku tuna wanda ya riƙe muku hannu ranar farko.