Lokacin da Adar take ƙarƙashin teku

Jama'a, da yawa cikinmu mun sha ganin duwatsu masu siffar katantanwa a tsaunukan Adar, wajen Keita da Bouza da Malbaza. Ɓawon halittun teku ne. Tsakanin shekara miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha shigowa Sahara yana janyewa, wani zubin har ya haɗe tekun arewa da na Gini.

To, ta yaya aka san shekarun? Babbar shaida tana wajen wasu ƙananan halittu da ake kira foraminifera, waɗanda yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba. Masanin Faransa Alcide d'Orbigny ne ya raɗa musu suna a 1826. Kowane iri yana da zamanin da ya bayyana da zamanin da ya ɓace, shi ya sa in an yanka dutse siriri aka duba da madubin ƙara girma, irin da aka tarar shi ke faɗin zamanin dutsen. Yana kuma faɗin yadda ruwan yake, don wasu a saman teku mai zurfi suke yawo, wasu kuwa a gindin ruwa mai ɗumi marar zurfi suke zaune. Na farar ƙasar Malbaza irin na biyun ne, shekarunsu wajen miliyan 60.

Hanyar tekun ma tana da dalili. Da Afirka ta rabu da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta lotsa a kwarin Binuwai da yankin Termit, ruwa ya bi ta nan. A 1966 Jacques Greigert ya wallafa bayanin jerin duwatsun kwarin Iullemmeden, wanda ya taso daga Mali ya ratsa Tawa har Sakkwato.

Wannan tarihi yana cikin aljihunmu yau. Simintin izinin Malbaza da na Kalambaina a Sakkwato daga farar ƙasar tekun nan ake yin su. Man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011, akasarinsa daga laka ce da ta kwanta a gindin teku. Mai haƙa foraji ma, in bai san shimfiɗar da ya kai ba, kuɗin gari yana iya tafiya a banza.

Saboda haka mu ƙarfafa wa ɗiyanmu gwiwa su karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, don masu karanta mana ƙasarmu su zama namu.