Tarihin Harajin Attajirai a Ƙasar Ingila: Daga Karɓar Sisi Zuwa Barin Sisi

Waɗanda suka girmi Naira a cikinmu ba za su manta da fam da sule da sisi ba, domin da su muka yi saye da sayarwa har zuwa 1973. Sule ashirin ne fam guda, sisi kuwa rabin sule ne. Mun fara da wannan tuni ne saboda labarin da za mu kawo bana a kan sisi ya tashi.

A ranar 29 ga Afrilu, 1909, Ministan Kuɗi na Ingila, David Lloyd George, ya gabatar wa Majalisa kasafin da aka yi wa laƙabi da Kasafin Jama'a. Buƙatu biyu suka matsa wa gwamnati: fanshon sule biyar a mako da aka fara biyan tsofaffi 'yan shekara 70, da kuma ƙera manyan jiragen ruwa na yaƙi don kada Jamus ta sha gabansu. Sai ya kawo shawarar cewa duk wanda samunsa ya haura fam 5,000 a shekara a ƙara masa harajin sisi a kan kowace fam da ta ɗara 3,000, a kuma karɓi kashi 20 cikin ɗari na ƙarin darajar da fili ya yi a duk lokacin da ya sauya hannu. Mu tuna fa, a daidai waɗannan shekaru Turawan nan suna tara haraji da jangali a ƙasarmu, ba tare da an tambayi ra'ayin manomi ko makiyayi ba.

Attajiran Ingila kuwa suna da bakin magana. Majalisar Dattawa ta masu sarautar gado ce, akasarinsu kuma masu filaye ne, don haka a watan Nuwamba suka yi fatali da kasafin da ƙuri'a 350, masu goyon baya 75 kacal. Sai da aka yi babban zaɓe a Janairun 1910 kafin suka sakar masa hanya. Rigimar ba ta tsaya nan ba. An sake wani zaɓen a Disamba, Sarki George na Biyar ya amince zai naɗa sababbin dattawa masu yawa idan tsofaffin suka ci gaba da taurin kai, daga nan aka kafa dokar 1911 wadda ta raba su da ikon hana dokar kuɗi wucewa. Gudun sisi ya jawo musu asarar ikon da suka gada kaka da kakanni. Harajin filayen da aka fi tada jijiyar wuya a kansa kuwa, ashe kallon kitse aka yi wa rogo. Auna filaye ya ci kuɗi da lokaci, abin da aka tara bai taka kara ya karya ba, aka soke shi a 1920, alhali Lloyd George da kansa ne Firayim Minista.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu su suka buɗe ƙofar da gaske. A lokacin yaƙin Hitila, harajin da ke kan ƙololuwar samun babban attajiri ya kai sule goma sha tara da sisi a kowace fam. Wato wanda a da ya yi kuka don an nemi ƙarin sisi, yanzu sisi ake bar masa. A 1949 harajin gado ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi. Da mai sarautar Devonshire ya rasu a 1950, sai da magadansa suka miƙa wa gwamnati katafaren gidansu na Hardwick a madadin wani ɓangare na bashin. Masana sun ƙiyasta cewa kafin yaƙin farko, mutum ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ke riƙe da kusan kashi 70 na dukiyarta, amma zuwa wajen 1980 rabonsu ya sauko zuwa kimanin kashi 20.

Shin ƙasar ta talauce saboda haka? A iya nazarinmu, a'a. Daga 1950 zuwa 1973 tattalin arzikinta ya bunƙasa, rashin aikin yi ya yi ƙaranci, ga kuma asibitin kyauta da aka soma a 1948. Sai dai adalci ya sa mu faɗa cewa ba aljihun attajirai kaɗai ya ɗauki wannan nauyi ba, ma'aikata da masu matsakaicin samu sun biya kaso mai tsoka.

Inda aka wuce gona da iri shi ne 1974, lokacin da Denis Healey ya kai harajin ƙololuwa kashi 83, da ƙarin 15 a kan ribar jari, jimilla 98. A kan takarda abin ban tsoro ne, amma kaɗan ne suka biya shi. Mai dukiya yana da akanta da lauya. Wasu suka mai da samunsu ribar sayar da kadara, wadda harajinta kashi 30 ne kawai, wasu suka karɓi mota daga kamfani a maimakon ƙarin albashi, wasu suka bi sawun mawaƙan Rolling Stones da suka ƙaura Faransa tun 1971. Duk malamin da ya taɓa tsananta doka a aji ya san yadda yara ke ƙwarewa wajen zagaye ta. Da ƙasar ta je neman rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976, wasu sun ɗora laifin a kan haraji, ko da yake tashin farashin mai na 1973 da hauhawar farashi da yajin aiki sun fi shi hannu a ciki.

Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, ta sauko da harajin zuwa kashi 60, a 1988 kuma ya koma 40. Magoya bayanta kan nuna cewa kason harajin samu da manyan masu kuɗi, ɗaya cikin ɗari, ke biya ya tashi daga kashi 11 zuwa kusan 30 a shekarun da suka biyo baya. Masu suka kuma kan amsa cewa ai rabonsu na samun ƙasar ma ya ninka, dole abin da suke biya ya ƙaru. A 2010 gwamnati ta sake ɗaga shi zuwa kashi 50, amma da yake an sanar tun shekara guda kafin ya fara aiki, masu kamfanoni da yawa suka yi sauri suka kwashi ribarsu tun ana kan tsohon lissafi. A 2013 aka rage shi zuwa 45, sai wasunsu suka jinkirta karɓar kuɗinsu har ragin ya kama.